Idan An Kira Ka Ɗan Baiwa Kada Ka Yi Fushi

Zahir, Makka

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a Kano. Allah Ya tsare min kai daga sauro, da ruwan da ba ka san asalinsa ba, da direba mai gudu, da abokin da zai ce maka ɗanɗana kawai.

Babanku lafiya lau, sai gwiwar nan da ke tashi duk ranar da aka ce ya sauka da shara. Matarka Rim lafiya. 'Yarku Lujain ta yi mura amma ta warke. Ƙanwarka Samira lafiya, sai dai tana fushi da ni, zan gaya maka dalili can gaba. Ni kuwa hawan jinin yana nan. Likita ya ce in daina tunani, amma bai nuna min inda ake kashe shi ba. Kakarka Inna ce ba ta da lafiya. Tun da ka tafi ta daina cin burodin tamis da waken ful, sai kunu. Larabcinta yana ta zubewa, yanzu ko da Rim Hausa take yi, Rim tana gyaɗa kai kamar ta gane. Tana kuma kiran sunayen mutanen Ruwan Gawo, ƙauyen da ta baro tana budurwa. Mafi yawansu ban san su ba. Ɗaya na sani, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Za ka ce me ya hana ni yi maka saƙon murya. Samira ta tona maka asiri. Ta ce idan na turo, akwai abin da kake dannawa muryata ta riƙa gudu kamar ta ɗan tsako don ka gama da wuri. To takarda ba ta da wannan maɓalli. Kuma kada ka nuna wa waya ta juya maka ita zuwa Larabci. Ka san harufan nan, su ne na Turancin da ka yi shekaru kana karantawa. Ka zauna ka haɗa su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na yi ina da shekara hamsin da huɗu a ajin Malama Hafsatu. Idan ka ga kuskure ka wuce, hannuna bai daɗe da sabawa da biro ba.

Abba, ka tuna bara da ka tofa yawu a ɗan kwalba ka aika ƙasar waje don a gaya maka asalinka? Bayan wata biyu ka fito falo da waya kana murna, ka ce an gano mu mutanen yammacin Afirka ne. Inna ta dube ka ta ce, "Mai gidana, a kan wannan ka ɓata yawunka? Da ka leƙo ɗakina da na gaya maka har sunan bishiyar da ke ƙofar gidanmu." Kowa ya yi dariya, har ni. Amma bayan nan na shiga kicin na daɗe ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Ba laifinka ba ne da ka tambayi kwalba. Ni ce na hana ka tambayar mutane.

Lokacin da muke unguwar Jarwal, kafin a rushe layinmu, idan ka yi min Hausa a kasuwa nakan mintsine ka a cinya. Ina so ka zama ɗan Makka wanda ba a tsayawa a yi masa kallo na biyu. Na hana Inna kiran ka mai gidanta a gaban baƙi, na ce me maƙwabta za su ɗauka. Ban san wasa ne na kaka da jika da ya girme mu duka ba. To ka shirya. Idan ka isa Ruwan Gawo, tsofaffi marasa haƙori za su kewaye ka, kowace ta ce kai mijinta ne, ka bar ta babu cefane. Kada ka zaro ido, kada ka ce kana da mata. Sun sani. Ka ce wa wadda ta fi tsufa ta yi lalle tukuna ka gani, ka ce wa ta kusa da ita ta rage surutu ko ka sake ta. Za ka ga yadda za su so ka.

Na ce idan ka isa, domin za ka je. Kamfaninku ya tura ka Kano wata shida kan aikin famfunan ruwa, na sani. Amma ranar Asabar ba a aiki, kuma daga Kano zuwa ƙasar Kazaure ba nisa. Na tambayi mutum uku, duka sun ce ba nisa, ko da yake ɗaya ta ce akwai ramuka, saboda haka ka zauna a bayan direba.

Ni sau ɗaya na taɓa zuwa, shekara ashirin da bakwai ke nan, kana ɗan shekara uku. Yayan Inna, Kawu Musa, ya rasu. Inna tana kwance a lokacin, sai ta tura ni in yi ta'aziyya a madadinta. Na tafi da baƙar abaya da jaka biyu da girman kai, ina ganin na iya Hausa tunda da ita nake faɗa da Inna.

Da na shiga gidan, na rungumi matar farko da na gani na sumbace ta a kumatu, dama da hagu da dama, kamar yadda muke yi a nan. Baiwar Allah ta sandare. Ta biyu ta ga na nufo ta, ta shige ɗaki ta saki labule. Daga baya na ji an ce 'yar Makka tana shinshina mutane. Kai namiji ne, ba ka da wannan matsala da mata, amma kada ka kama dattijo ka manna masa baki a goshi ko a kafaɗa. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai. Wandonka ba zai mutu ba.

Sai aka fara gaisuwa. Wata tsohuwa ta ce, "Ina gajiya?" Ni kuma na ga mace mai tausayi, na gyara zama na ba ta labari. Na ce gajiya kam akwai ta, na fara daga filin jirgin Jidda, na bi ta kan ƙafata da ta kumbura, na zo kan motar da ta lalace. Ina ta bayani, mata goma sha wani abu suna durƙushe suna jiran layinsu. Abba, amsar ita ce ba gajiya. Ko a kan gadon asibiti aka ɗauko ka, ba gajiya. Gida lafiya, aiki da godiya, Inna tana gaishe ku. Labarin ciwo sai an ci abinci an watse, wanda ya damu da kai zai dawo ya tambaya.

Tsaraba ma na ɓata ta. Na buɗe jaka a tsakar gida ina raba dabino da tasbaha da zamzam da hannuna, duk wadda ta yi min murmushi in ƙara mata. Ashe wadda ta fi kowa murmushi mai sayar da ƙuli ce da ta shigo wucewa. Ta tafi da sallaya mafi kyau. Matar marigayin kuwa, da take cikin takaba ba ta murmushi, kwalli ɗaya ta samu. Jakar da na aiko maka tare da wannan takarda, kada ka buɗe ta. Ka tambayi wace ce babba a matan gidan, ka ajiye a gabanta, ka ce ga shi inji Inna. Ita ta san wa ya cancanci me.

Duk waɗannan an yafe min su, an ce baƙuwa ce. Wanda ya rage shi ne wanda ni na ƙi yafewa.

Kwana na biyu da safe ina zaune a kan tabarma, sai ga wani dogon mutum ya shigo, siriri, hularsa a karkace, bakinsa ja da goro. Aka ce min Ɗanlami ne, ɗan Kawu Musa. Na gyara mayafi zan yi masa ta'aziyyar mahaifinsa. Kafin in buɗe baki ya tsaya a kaina ya ce da ƙarfi, "A'a! Ashe baiwar tawa ce ta dawo! Shekara nawa ina cigiya? Ke, tashi ki ɗauki tsintsiya, ɗakina ya yi datti." Gidan gaba ɗaya ya fashe da dariya. Ya ƙara da cewa, "Ku duba yadda ta yi ƙiba da abincin Larabawa. Wannan in na kai ta kasuwa sai an ba ni raƙumi."

Abba, kai ma ka girma a garin nan, ka san kalmar da yaran layi ke jifan mu da ita idan faɗa ya yi zafi. Ni na sha ta tun ina zuwa ɗebo ruwa. Na yi tsammani idan na je ƙasar uwata, nan ne wuri ɗaya a duniya da ba zan ji ta ba. Sai ga ta a bakin ɗan kawuna, cikin harshen uwata, mutane suna tafi. Na miƙe. Na zage shi da Larabci zagin da har yau nake istigfari a kansa. Shi kuwa, da yake bai ji ko kalma ɗaya ba, sai ya ce, "Madalla, har addu'a take yi wa ubangidanta." Aka sake kwashewa. Na haɗa kayana a ranar. Mata suna riƙe ni suna cewa wasa ne, taubashinki ne. Ni ban san mene ne taubashi ba, na ɗauka wani sabon zagin ne.

Da na dawo Inna ta tambaye ni yaya mutanen gida. Na ce sun ci mutuncina da kalmar da ba ta faɗuwa. Ta ce wace kalma. Na ce ba zan maimaita ba. Da na faɗa mata a ranar, da ta yi min bayani cikin minti ɗaya an wuce wurin. Amma na rufe baki, ita kuma ta ga 'yarta tana kuka, ta ce tunda haka ne ita ma ta bar su. Uwa ce. Ta zaɓe ni a kan gidan ubanta ba tare da ta san laifin ba. Idan abu ya ɓata maka rai a can, ka faɗe shi da sunansa ga wanda ya fi ka sanin wurin, kafin ka yanke hukunci. Kada ka haɗiye shi ka dawo da shi gida kamar ni.

Bai ƙare a nan ba. Bayan shekara huɗu Ɗanlami ya zo aikin Hajji. Ya yi ta tambaya a Jarwal har aka nuna masa gidanmu. Inna ta tafi Harami da maƙwabta, babanku yana shago. Ina yanka albasa na ji murya daga ƙasan bene, "Ina baiwar nan tawa? A gaya mata ubangidanta ya zo, ta sauko ta ɗauki kaya!" Na leƙa ta taga na ga hular nan a karkace. Na kulle ƙofa. Na kashe mukayyif, injin sanyaya ɗakin nan, don kada ya ji ƙararsa ya san akwai mutane. Lokacin zafi ne, irin wanda kwalta ke narkewa. Na zauna a ƙasa da kai da Samira, na ba ku alewa na ce wasan shiru za mu yi. Ya hawo ya ƙwanƙwasa. Ya zauna a kan matakala. Muna ciki muna dahuwa, yana waje yana dahuwa, awa biyu. Ina jin sa yana ba wani ɗan Indonusiya labarina da Hausa, shi kuma yana amsa masa da nasa yaren.

Da ya gaji ya ajiye ƙulli a bakin ƙofa ya tafi. Kuka ce da kuɓewa busasshiya da daddawa. Na rasa inda zan kai, zubar da abinci a Makka ba zan iya ba, sai na cusa a saman kabad bayan barguna. Ka san daddawa. Kwana biyu gidan ya ɗauki wari. Babanku ya kira mai gyaran bututu. Inna kuwa ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ɗaga hanci ta ce, "Wannan daddawar gidanmu ce. Wa ya zo?" Na ce a kasuwa na saya wurin alhazai. Ta dube ni ta daɗe. Ta yi miyar kuka da ita kaɗan kaɗan har wata biyar.

Ban gane abin da na yi ba sai a ajin Malama Hafsatu. Ka san ta, matar ɗalibin nan ɗan Sakkwato da ke koya mana karatu ranar Litinin da Laraba. Akwai wasu mata biyu a ajin, Hajiya Balaraba da Hajiya Kulu, kullum tare suke zuwa. Rannan Balaraba ta yar da fensir ta ce, "Ke baiwa, ɗauko min." Kulu ta ce, "Uwar gidan da ko harafin 'ba' ba ta iya ba? Ɗauka da kanki." Na miƙe zan raba faɗa, na ga suna dariya suna cin gyaɗa a leda ɗaya. Malama ta zaunar da ni ta yi min bayani. Ta ce idan mace da namiji 'yan uwan juna suka haihu, 'ya'yansu taubasai ne. Ɗan namiji ya ce shi ne ubangida, ɗan mace bawansa, shi kuma ɗan mace ya rama da duk abin da ya zo bakinsa, ba mai fushi. Ta ce ba a yi wa bare wannan wasa. Wanda aka yi wa, an gaya masa ke nan shi ɗan gida ne.

Na ce, "Malama, idan mutum ya yi wa taubashiyarsa haka a gaban jama'a ranar da ya fara ganin ta fa?" Ta ce, "Ai ya karrama ta. Ya nuna wa kowa ba baƙuwa ba ce." Na ce ina zuwa, zan shiga banɗaki. Na daɗe a ciki har aka aiko a duba ni.

Na gaya wa Inna a ranar, duka, har da matakala da mukayyif. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na kawo ruwa. Ta ce, "Raƙumi? Ɗanlami ya cuce ki, ai kin fi raƙumi." Ta sake dariya. Sai dariyar ta tsaya. Ta ce, "Hajara, shekara ashirin da wani abu." Na fi son ta mare ni.

Yanzu dalilin fushin Samira. Da na ga na gano abu mai daraja, na ce ba zan bari ya sake ɓacewa ba. Ranar Juma'a ana cin abinci na lura cewa Lujain 'yar namiji ce, Faisal na Samira ɗan mace. Na tsayar da kowa na sanar cewa daga yau Faisal bawan Lujain ne. Da Larabci na faɗa don yaran su gane. Cokali ya faɗi daga hannun Samira. Mijinta ya tashi ya ce yana da aiki. Rim, da ke kira na Khala irin na Larabawa, ta ce, "Khala, lafiya kuwa?" Na yi ta bayani ba wanda ya saurara. Ka ga na sake yin kuskuren ta ɗaya gefen. Abin da aka ɓoye wa mutane shekara talatin ba a sauke musu shi a kan faranti rana ɗaya. Idan ka dawo da abin da ka koyo, ka riƙa ba Lujain kaɗan kaɗan. Ka fara da gaisuwa da sunayen kakanni. Ka bar maganar bayi sai ta ga yadda ake yi da idonta.

Wata hajiya daga wajen Kazaure ta tabbatar min Ɗanlami yana raye. Ta ce ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma bakin yana nan. Na ce a nemo min lambarsa, Inna ta hana. Ta ce wanda ya tako har ƙofarka, ƙafa ake mayar masa. Ƙafata ba za ta iya ba, ba zan kuma bar Inna a yadda take ba. Ƙafarka tawa ce.

Idan ka je, bayan ka durƙusa ka gaishe shi, wataƙila ya ce, "Wannan ɗan baiwata ne, ashe dukiyata ta haihu." Idan ya faɗi haka, ka gode wa Allah a zuciyarka. Kada jininka na Jarwal ya hau. Na so in ba ka saƙon ban haƙuri mai tsawo, na rubuta shafi biyu, Malama ta karanta ta ce in yaga. Ta ce idan na ba taubashi haƙuri cikin ladabi na mayar da shi bare, ramuwa yake jira. To na yi sati uku ina shirya ta. Ka haddace, ka faɗa da ƙarfi a gaban mutane, kada ka yi murmushin neman gafara:

"Baiwarka ta ce ba gudu ta yi ba. Ta leƙa rumbunka ne ta ga ko kaza ba zai riƙe ba, ta tafi neman abinci. Ta ce kuma ubangidan da ya zauna awa biyu a matakalar baiwarsa yana gumi ba a buɗe masa ba, a tara dattawa su sake duba wane ne bawan wane."

Na gwada a gaban Inna sau uku. Ta ce ta farkon ta yi, ta biyun akwai haɗari, amma in bar ta. Tun daga lokacin ba na barci sosai. Idan ya yi dariya ya rama, ka kunna waya ka ɗauko muryarsa, ko zagina yake yi kada ka yanke, Inna tana so ta ji. Ka ce ya faɗi sunayen waɗanda suka rage a gidan da waɗanda suka tafi, ka rubuta su a takarda, domin ni ban san wa zan ce mata yana nan ba idan ta kira suna.

Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo da kai lafiya. Allah Ya sa ka samu karɓa a gidan kakanninka fiye da yadda uwarka ta bari a yi mata. Ka sha maganin zazzaɓi. Kada ka ci salak a hanya. Babanku yana gaishe ka, ya ce in ka ga hula mai kyau ka tuna da shi.

Ina jiran amsarka kafin goma ga Muharram. Inna ta ce a garinsu ranar ce taubasai ke bin juna da tsokana gida gida, kuma ta sa a ranta bana za ta ji muryar ɗan yayanta a ranar. Na ga yadda likita ya dube ni bayan ya duba ta, kada ka ɗaga tafiyar zuwa wani watan. Ka rubuta da hannunka, da Hausa, ko ta karkace, ka ɗauki hoto ka turo. Idan kuwa ka faɗi saƙon ya yi shiru bai yi dariya ba, kada ka rubuta, kada ka gaya wa Samira. Ka kira ni ni kaɗai, ka faɗa min yadda ya yi da fuskarsa. Ni zan shiga in gaya wa Inna, kuma wannan karon abin da ya faru zan gaya mata.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajara